RA'AYINMU: Haruffa Masu Fara'a, Amma Ina Ƙugiya?



Duk wanda ya bi ta gaban allunan sanarwa a wannan zangon karatu, ko ya duba takardun da ƙungiyoyi ke aikowa ta waya, lalle ya lura da wasu irin haruffa da suka cika ko'ina. Ƙatta ne, masu kauri, masu kumatu, babu tsini ko kaifi a jikinsu, sai ka ce ƙullun fanke ne aka jefa a mai ya kumbura. Da su ake sanarwar wasan kwaikwayo, da su ake tallar makon al'adu, har 'yan takarar shugabancin ƙungiya ma da su suke buga sunayensu. Da yawa daga cikinmu na zaton sabon yayi ne da ya zo tare da wayar hannu. To, ba sabo ba ne. Sunan wannan zubin haruffa Cooper Black, ya kuwa haura shekara 100 a duniya, watau ya girmi kakannin mafi yawanmu.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mujallar ɗalibai da siffar haruffa, alhali ga ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ga tsadar littattafai? Waɗannan mun sha magana a kansu, za mu kuma sake. Amma ya kamata mu tuna cewa a cikinmu ne editocin gobe suke, da jami'an watsa labarai, da sakatarorin ma'aikatu, kuma abin da hannunmu ya saba da shi yau shi ne zai zama ƙa'ida a ofis gobe. Saboda haka ga matsayinmu tun da farko: a yi maraba da waɗannan haruffa a inda suka dace, amma kada a yarda a jefar da ƙugiyar Hausa domin neman kwalliya.

Wanda ya zana su wani mutumin Amurka ne, Oswald Bruce Cooper, wanda aka haifa a 1879, ya rasu a 1940. Sana'arsa ta asali ita ce rubutun talla da hannu a birnin Shikago, inda ya ɗauki darasi a wurin Frederic Goudy, shi ma mashahurin mai zanen haruffa. Shi da abokinsa Fred Bertsch suka buɗe shagon zane, suna yi wa kamfanoni rubutun tallace-tallace. Da kyan hannunsa ya bayyana, sai wani kamfanin zuba haruffan dalma na Shikago, Barnhart Brothers & Spindler, ya mai da rubutun nasa haruffan ɗab'i. Aka fara da siriri, sa'an nan a 1922 aka fito da mai kaurin. A bakin masu ɗab'i na Turai da Amurka, in an kira zubin haruffa baƙi, ana nufin shi ne mafi kauri a cikin danginsa, wanda ya fi kowanne shan tawada. Daga nan sunan ya samo asali.

A wancan zamani harafi abu ne da ake ɗauka a hannu. Ɗan guntun dalma ne da aka narka aka zuba a mazubi, kowane harafi daban, kowane girma da akwatinsa, ma'aikaci ya yi ta jera su ɗaya bayan ɗaya kafin a shafa tawada a danna a kan takarda. Mai maɗaba'a ba ya sayen sabon zubi sai ya tabbata zai mai da kuɗinsa. Cooper Black kuwa ya mayar, har da riba. Aka riƙa tallarsa cikin raha da cewa an yi shi ne domin masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa. Masu ra'ayin riƙau suka ƙyamace shi, suka ce baƙar annoba ce ta shigo shafukan jarida, amma 'yan kasuwa suka rungume shi. Kasuwarsa ta buɗe har sauran kamfanoni suka shiga fito da makamantansa, kuma malamin nasa Goudy da kansa ya zana kishiya a 1925, wadda aka kira Goudy Heavyface.

Me ya sa haruffan suke kama da masu dariya? In mai karatu ya ƙura musu ido zai ga dalilai a fili. 'Yan ƙafafun nan da akan yi wa haruffan ɗab'i a ƙarshen kowace sanda, waɗanda a littattafai suke sirara masu kaifi, a nan an dunƙule su, an murje gefensu. Da wuya ka sami miƙaƙƙen layi a jikin harafin, ko gindinsa ma yana da ɗan lanƙwasa, kamar ƙwarya da aka ajiye a ƙasa tana shirin rangaji. Farin da ke cikin harafin o ɗan ƙanƙane ne, ya kuma karkata baya. Ɗigon da ke kan i da j ba zagaye ba ne sosai, ya fi kama da ƙwai. Sandunan da ke hawa sama da masu sauka ƙasa gajeru ne, cikin harafin ne ya cinye wuri. Waɗannan duka alamomin hannu ne da buroshi, domin wanda ya zana su ya yi shekaru yana rubutu da hannu kafin ya san dalma. Ido yana ganin nauyi, amma ba ya ganin barazana. Shi ya sa haruffan suke iya ɗaga murya ba tare da sun yi tsawa ba.

Bayan tashen farko yayinsu ya lafa, sai kuma ya dawo a shekarun 1960 da 1970, lokacin da dalma ta fara ja da baya. Aka shiga jera haruffa ta hanyar hoto, wanda ya ba da damar a matse su kusa da juna, su kuwa sun fi kyau a matse. Kamfanin Letraset na Ingila, wanda aka kafa a 1959, ya fito da haruffa a jikin leda a 1961, waɗanda ake ɗorawa a kan takarda a goga da bayan alƙalami su manne. Aka kuma riƙa yanka haruffa ana manna su a ƙirjin riguna da dutsen guga. A duk waɗannan ayyuka Cooper Black ya yi fice, saboda harafin da gindinsa ke da lanƙwasa ko an manna shi a ɗan karkace ba a cika lura ba. Da shi aka rubuta bangon faifan Pet Sounds na mawaƙan Beach Boys a 1966, da na L.A. Woman na mawaƙan Doors a 1971. Da shi ake rubuta sunan Garfield, kyanwar nan ta zanen barkwanci da ta fara fitowa a jaridun Amurka a 1978. Kamfanin jiragen sama na easyJet, wanda aka kafa a Ingila a 1995, ya ɗauke shi ya zama tambarinsa, don ya nuna wa matafiya cewa shiga jirgi ba sai mai hannu da shuni ba. Daɗin daɗawa, kamfanin Microsoft ya daɗe yana haɗa shi cikin manhajojinsa na ofis, ta haka ya shiga kwamfutocin shagunan buga takardu a kusan kowace ƙasa, har da namu na bakin ƙofar jami'a.

Dawowarsa ta yanzu marmarin zamanin da ne ya kawo ta. Ba'amurken da ya ga waɗannan haruffa yakan tuna yarintarsa, da faifan garmaho na gidansu, da takardar alewa. Mu ba mu da wannan tunanin, kuma ba laifi ba ne. Da tsohuwar zuma ake magani, ko da a wani gari aka tatso ta. Sai dai in mun ara, ya kamata mu san abin da muka ara, da aikin da aka yi shi dominsa.

Aikin nasa kuwa shi ne kanu. Masu ɗab'i sun raba haruffa gida biyu: akwai na doguwar karatu, waɗanda ake so ido ya bi ta kansu bai ma lura da su ba, akwai kuma na kanu da talla, waɗanda aikinsu shi ne su tsai da mai wucewa. Cooper Black na kashi na biyu ne. Kalma biyu ko uku, manya, a saman takarda, to, nan ne fadarsa. In aka ƙanƙanta shi aka cika shafi da shi, ɗan farin da ke cikin a da e sai tawada ta toshe shi, musamman a kan takarda mai arha, mai karatu ya gaji tun kafin ya kai layi na biyar. In kuma aka haɗa shi da wasu haruffan kwalliya uku ko huɗu a takarda guda, kamar yadda muke gani a wasu fostocin zaɓe, sai abin ya zama kasuwa, kowa na magana ba mai sauraro. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: shi a kanu, sauran bayani da siraran haruffa marasa ado.

Bayan girma, akwai maganar muhalli. Harafi tufafi ne na magana, kuma ba da rigar zuwa wasa ake zuwa zaman makoki ba. Sanarwar gasar ƙwallo, da daren barkwanci, da liyafar yaye ɗalibai, da tallar mai shayi, da littafin yara, duk sun dace da haruffa masu fara'a. Amma mun ga an buga sanarwar rasuwa da su. Mun ga an buga takardar koke zuwa ga hukuma da su, takardar da ke magana a kan kuɗin makaranta da ke neman korar 'ya'yan talakawa daga aji. Wanda aka kai wa irin wannan takarda, tun bai karanta ba fuskarta ta gaya masa wasa ake yi. Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A ranar 4 ga Yuli, 2012, masana a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba suka sanar da gano ƙwayar Higgs, abin da aka yi kusan shekara 50 ana nema. Wani ɓangare na bayanin an nuna shi ne da haruffan Comic Sans, waɗanda aka zana bisa salon littattafan barkwanci, sai ga mutane da dama a duniya sun bar maganar binciken sun koma tsegumin haruffa. In haka ta sami manyan masana, ina ga sakataren ƙungiya? Muna jan hankalin 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati su ma: wasiƙar ofis da takardar umarni ba wurin gwada kwalliya ba ne.

Yanzu ga babbar magana, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Oswald Cooper ya zana haruffansa ne domin Ingilishi, daga baya aka ƙara musu alamomin harsunan Turai. Irin da ke yawo a kwamfutocinmu ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita. Abin dariya, ko sunan zubin kansa ba ya rubutuwa da Hausa a cikinsa, domin in ka nemi rubuta baƙi, sai ya ba ka baki. Haka nan sunan Ƙungiyar Ɗalibai, kalmomin biyu duka da harafi mai ƙugiya suka fara.

In mai buga takarda ya zo wannan gaɓa, ɗayan abu biyu ne ke faruwa. Ko dai kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi, sai ka ga siririyar ƙ a tsakiyar ƙattan haruffa kamar ɗan akuya a garken bijimai, wani lokaci ma ɗan akwati ne fanko zai fito a gurbinta. Ko kuwa, wanda shi ya fi yawa, mai bugawa ya ga abin ya yi muni, sai ya cire ƙugiyar gaba ɗaya ya huta. Daga nan sai zaɓi ya koma zabi, faɗa ya koma fada, ƙura ta koma kura, ƙafa ta koma kafa, kishin ƙasa ya koma kishin kasa. Wani zai ce ai Bahaushe zai gane daga yanayin magana. Sau da yawa zai gane, gaskiya ne. To, amma kanu kalma biyu ne ko uku, babu dogon zance da zai taimaka. Sa'an nan ba Bahaushe kaɗai ke karanta allunanmu ba. Akwai ɗalibai daga kudu da ke koyon harshen, akwai yaran makarantar firamare da ke wucewa, waɗanda malaminsu ya sha wahala yana koya musu bambancin d da ɗ, sai su ga 'yan jami'a, masu digiri a Hausa ma, sun rubuta dalibai da haruffa masu tsawon kamu guda.

Ƙugiyar nan ba daga sama ta faɗo ba. Da aka fara rubuta Hausa da boko an daɗe ana laluben yadda za a nuna waɗannan sautuka. An gwada sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada sa alama a gefensa, sai a shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke jagorancin aikin fassara da talifi a Zariya, aka tsaya a kan ƙugiya. A wannan zamani ne aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 domin daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma shi ma ya riƙe haruffa masu ƙugiya. Waɗanda suka riga mu sun yi wannan aiki a lokacin da ƙarin harafi ɗaya yake nufin a sassaƙa sabon mazubi a narka dalma. Masu buga tafireta kuwa, da yake kekunansu na Ingilishi ne, sukan gama shafi su koma da biro suna sa wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Mu da muka zo a zamanin sauƙi, tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa a kwamfuta, kuma akwai zubi irin su Charis da Andika da Noto da ke ɗauke da su kyauta. Wane uzuri ya rage mana?

Wani zai ce waɗannan da aka lissafa ai na karatu ne, ba su da armashin Cooper Black. Haka ne, kuma a nan ne aikin yake. Abin da ya rage haruffa takwas ne kacal: Ɓ da ɓ, Ɗ da ɗ, Ƙ da ƙ, Ƴ da ƴ. Ba a ce aikin ba shi da wuya ba. Dole ƙugiyar ta yi kauri daidai da jikin harafin, ta ƙare a dunƙule kamar sauran gaɓoɓinsa, in ba haka ba sai ta zama kamar jelar ɓera a jikin giwa. Sandunan zubin gajeru ne, saboda haka wurin da ƙugiyar ɓ da ƙ za ta rataya matsattse ne. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama, in i ta biyo ta, kamar a kuɗi ko faɗi, za ta yi karo da ɗigon, sai an san yadda aka raba su. A manyan baƙaƙe kuma ƙugiyar Ɓ da Ɗ ta hagu take, ta Ƙ tana kan hannunta na sama. Waɗannan matsaloli ne na ido da hannu, irin waɗanda ɗalibin zane ke warwarewa a aikinsa na shekarar ƙarshe. Wanda ya yi wannan aiki kuwa ba Hausa kaɗai ya taimaka ba, domin Fulfulde ma tana amfani da ɓ da ɗ da ƴ.

Hannun da zai yi aikin muna da shi. Masu rubutu a jikin manyan motoci, da masu zana allon tela da na mai aski a kowane gari, sana'arsu ɗaya da ta Oswald Cooper kafin kamfani ya neme shi: buroshi, da fenti, da sanin abin da ke tsai da ido. Bambancin kawai shi ne, shi an sami masu mai da hannunsa haruffan ɗab'i, su kuwa ba a samu ba. Gargaɗi ɗaya: haruffan kwamfuta da ake sayarwa suna da sharuɗɗa, ba a taɓa su a sake rabawa sai da izini. Amma akwai dubban da aka saki ƙarƙashin lasisin nan na buɗaɗɗun haruffa da hukumar SIL ta fito da shi a 2005, wanda ya halatta a gyara, a ƙara, a raba. Cikinsu akwai masu kauri da fara'a da za a iya ɗorawa a kai, ko kuma a zana namu tun daga tushe.

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiya da ta sa doka cewa duk fostar Hausa da za a liƙa da sunanta sai an duba ƙugiyoyinta kafin a sa mata hatimi. Muna kira ga sashen harsunan Nijeriya, da sashen zane, da na kimiyyar kwamfuta, da su haɗa ɗalibansu a kan aikin zubin kanu guda ɗaya mai cikakkun haruffan Hausa, a sake shi kyauta ga maɗaba'u da makarantu. Muna kira ga masu shagunan buga takardu da su riƙa gwada kalmar ƙwaɗo da ɓaure a kowane zubi kafin su nuna wa mai aiki. Kafin a kai ga wannan, wanda ya ga ba zai iya rabuwa da Cooper Black ba, to, ya yi yadda masu tafireta suka yi: ya buga kanunsa, ya zana ƙugiyar da hannunsa, mai kauri, mai kyau. In ba zai iya ba, ya nemi wani zubin. Zanen aro, in bai rufe katara ba, ba a fita da shi kasuwa.

Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk ɗalibin da ya zana haruffan nan takwas. Ya kawo su ofishin edita, za mu buga su da sunansa a fitowa ta gaba, masu karatu su zaɓi gwani. Allah Ya sa mu dace, amin.